Bayan Ruwan Alau Ya Janye

Ni tela ne, haifaffen Gwange a Maiduguri. Kakana fataucin kifi ya kawo shi daga ƙasar Haɗeja, ya zauna bai koma ba, shi ya sa a gidanmu Hausa ake yi, Kanuri kuwa a layi muka tsince shi. Tun ina saurayi na shiga ƙungiyar 'yan agaji ta masallacinmu, irin masu kakin nan da ake gani ranar idi suna gyara sahu da tare motoci. An koya mana ɗaure rauni, da tsayar da jini, da yadda ake ɗaukar wanda ya suma. A garin da ya sha tashin bama-bamai tun bayan rikicin Boko Haram na 2009, wannan ilimi bai zauna a takarda ba. Na ɗauki mai rai, na ɗauki gawa, na dawo gida na ci tuwo na yi barci. Har na sa kaina cikin waɗanda ake cewa zuciyarsu ta riga ta bushe.

Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Tana can wajen Konduga, kimanin kilomita 20 daga gari, a kan kogin Ngadda, wanda shi ne ya ratsa ta bayan unguwarmu. Mun taso muna jin dattawa suna labarin ambaliyar 1994, suna nuna mana a bango inda ruwa ya tsaya. Wannan karon ya wuce inda suke nunawa. Fori, Galtimari, Gwange, Gamboru, duk suka nutse. Ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa. Ya fasa gidan namun daji na Sanda Kyarimi, aka yi ta gargaɗin mutane kan kadoji da macizai. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka fice. An ce kusan mutum 400,000 suka bar gidajensu.

Da na samu na kai matata da yara gidan wanta a Bulumkutu, sai na sa kaki na dawo. A bakin ruwa na haɗu da wani dattijo masunci, cikin masu sayar da kifi a kasuwar titin Baga, ya zo da kwale-kwalensa yana neman matashi mai ƙarfi da zai riƙa ɗago mutane. Baba muke ce masa. Shi yana tuƙi da gora, ni ina gaba. Layukan da na yi ƙwallo a cikinsu sai na kasa gane su, sai dai in ga kan wata bishiyar darbejiya ko hasumiyar masallaci in ce to, nan ne wuri kaza. Mutane a kan rufin kwano, a kan bishiya, a kan tankin ruwa, kowa yana kira.

A wani sawu, wajen la'asar, jirgin ya cika har ruwa ya kusa taɓa bakinsa. Muna fitowa daga wani lungu sai ga wata mata zaune a kan katanga da yara uku, ƙaramin a goye. Ba ta yi ihu irin na sauran ba, hannu kawai ta ɗaga. Na juya na kalli Baba. Ya ce, "Ɗana, ko jariri muka ƙara, dukanmu za mu tafi." Na ɗaga murya na ce, "Baiwar Allah, ki riƙe su da kyau, yanzu za mu dawo." Ta ce, "To ɗan'uwa, Allah ya dawo da ku lafiya." Ruwa yana da ƙarfi a wajen, kai mutane tudu da dawowa ya ɗauke mu lokaci fiye da yadda muka zata. Da muka dawo, magariba ta kawo jiki, babu katangar, babu su. Ko wani jirgin ne ya kwashe su kafin ta faɗi, ko motar sojoji, ko kuwa ruwa ne, babu wanda ya iya gaya mana. Baba ya yi salati, ya juya jirgi, domin a gaba wasu na kira.

Ban ji komai ba a ranar. Wallahi ban ji ba. Kwanakin da suka biyo baya ma haka, aiki ya yi yawa. An sake buɗe sansanin Bakassi, wanda gwamnatin jiha ta rufe a 2021, muka koma can rabon abinci da tsara layi. Wani ya ɗauki hotona ina ɗauke da wata tsohuwa ya sa a Facebook, aka yi ta sa albarka, ana kiran mu jarumai. Abin yana da daɗin ji, ba zan ɓoye ba.

A sansanin ne na fara ganin waɗansu ma'aikata na wata ƙungiyar agaji da ba su raba shinkafa, ba su raba tabarma, sai zama da mutane. Mu 'yan kaki har tsokanarsu muke yi a bayan ido, muna cewa waɗannan an biya su hira. Cikinsu akwai wata Hajiya, za ta girme ni da kamar shekara goma, ba ta da yawan magana. Na lura da ita ne saboda wata mata 'yar Gwoza, wadda ta gudo a 2014 lokacin da garinsu ya faɗa hannun Boko Haram, ta yi shekaru a wannan sansani, aka rufe, ta kama haya a cikin gari, yanzu ruwa ya sake dawo da ita inda ta baro. Matar ta zauna wuri guda ba ta ci ba ta magana. Mata suna zuwa suna cewa ta yi haƙuri, ta gode wa Allah da ta tsira da rai, suna wucewa. Hajiya kuwa ta zauna a gefenta a ƙasa, ta miƙa mata ruwa, ba ta tambaye ta abin da ta gani ba. Can sai ta ce, "Yaya, akwai wanda kike son a nemo miki?" Ashe ɗanta ne ba ta san inda yake ba. Hajiya ta kira ni ta ce in kai wayar matar inda ake caji da janareto, aka kunna, aka samu lambar wani maƙwabci, zuwa dare aka gano yaron yana wani sansani a wata makaranta. Washegari na ga matar a layin abinci.

Na tambayi Hajiya me ya sa ba ta sa matar ta fitar da abin da ke cikinta ba, tunda na ji ana cewa magana tana rage nauyi. Ta ce tilasta wa mutum ya ba da labarin bala'i tun yana ɗanye ba ya taimako, wani lokaci ma yana ƙara ciwo, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina yin haka. Abin da aka koya musu shi ne su duba wa ke cikin matsala, su saurara in mutum ya so magana, sannan su haɗa shi da abin da yake buƙata: danginsa, abinci, maganin hawan jininsa da ruwa ya tafi da shi, ko sahihin bayani kan abin da ke faruwa. Ta ce yawancin mutane da haka suke farfaɗowa da kansu cikin 'yan makonni, kaɗan ne abin ke zarce musu. Daga nan ta dube ni ta ce, "Kai kuma ƙanena, yaushe rabonka da barci?" Na yi dariya na ce mu ai mun saba. Ta rubuta lambarta a bayan katin rabon abinci ta ba ni. Na jefa a aljihun kaki.

Abin bai taso ba sai da ruwa ya janye, aka gama kwashe laka, aka wuce fargabar kwalara da ta ɓulla a watan Oktoba, kowa ya fara komawa harkarsa. Kekena na ɗinki ya yi tsatsa, na kai aka wanke aka sa mai, na zauna zan yi aiki sai in ga na ɗinka hannun riga a baibai. Da dare in na rufe ido sai hannun matar nan. Ba fuskarta ba, don ban ma riƙe fuskar ba, hannun kawai. In matata tana juye ruwa daga jarka zuwa randa, ƙarar sai ta sa ƙirjina ya hau bugawa, gumi ya keto mini. Wanka ya zama aiki, sai in yi sauri kamar ana kora ta. Na daina bin hanyar gada, in zagaya ko da kuɗin Keke Napep zai ninka. Warin laka kuwa ina jin sa a abinci, a tabarma, a jikin yarana, alhali kowa ya ce babu.

Sai faɗa. Ni da ba a san ni da ɗaga murya ba, ƙaramar 'yata ta zubar da kofin ruwa na daka mata tsawar da ta sa ta yi fitsari a tsaye. Uwarta ta jira yara suka yi barci ta ce, "Abban Ummi, wannan ba kai ba ne. Mutumin da ya tafi ceto ba shi ya dawo mini ba."

Na gwada gaya wa shugabanmu na ƙungiya, wanda muke kira Kwamanda. Mutumin kirki ne, shi ya koya mini duk abin da na sani a aikin. Amma amsarsa ita ce wadda aka ba shi shi ma a zamaninsa: "Haba, kamar ba namiji ba? Kai da ka kwashi gawarwakin bam? Ka yawaita istigfari, ladanka yana wajen Allah." Na fita ina jin kunya a kan ciwo. Biyu cikin abokan aikinmu, daga baya na gane, tramol suka koma sha don su iya wuni, da dare kuma su nemi ƙwayar barci a kemis.

Inna ta yanke hukuncin cewa iskokin ruwa ne suka shafe ni, tunda na yi ta yawo a kan ruwan da ya bi ta maƙabarta. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu na sha, aka kai ni wajen wani malami mai ruƙiyya. Ba na raina wannan, karatun Alƙur'ani yana sanyaya mini rai har gobe. Kuma malamin nan shi ya buɗe mini hanya. Bayan ya yi karatu bai ga alamar komai ba, sai ya sallami Inna ya ce in gaya masa gaskiyar abin da ke damuna. Shi ne mutum na farko da na ba labarin katangar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ba aljani a jikinka. Baƙin ciki ne da firgici. Annabi Yakubu ma baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya sa idanunsa suka yi fari, kuma ba a ce imaninsa ya ragu ba. Ka ci gaba da addu'a, amma ka je wajen waɗanda suka karanci wannan ciwo. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta." Da ma duk masu ruƙiyya haka suke, da an rage wahalar mutane da yawa a garin nan, amma wannan wata magana ce.

Katin yana nan a aljihun kaki, rubutun ya ɗan goge. Na kira. Ta gane ni.

Zaman farko ba mu taɓa zancen ruwa ba. Ta tambaye ni barci, ci, aiki, gida, da ko tunanin halaka kaina ya taɓa zuwa mini. Ta yi tambayar kai tsaye ba kwana-kwana, na ce a'a, amma na sha fatan kada gari ya waye. Ta bayyana mini cewa jikin mutum in ya shiga hatsari yana tashi tsaye don ya tsira, zuciya ta yi gudu, barci ya gudu, kunne ya buɗe, kuma hakan shi ya sa na iya aikin ranar. Matsalar ita ce nawa jikin bai samu labarin cewa hatsarin ya wuce ba. Ta ce in irin wannan ya haura wata guda, yana hana mutum aiki da zaman iyali, to ya zama ciwon da ke buƙatar kulawar ƙwararru, kuma ba masu rauni kaɗai yake kamawa ba. Sau da yawa ma wanda ya daɗe yana ɗaukar na wasu shi yake faɗuwa, don abin taruwa yake yi. Ta koya mini jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali, da yadda in abin ya taso zan taka ƙasa da ƙarfi in ambaci abubuwan da idona ke gani a ɗakin, don hankalina ya dawo yau. Da farko na ga kamar wasan yara ne. Daren da ya yi mini aiki na daina raina shi.

Ta kuma tura ni Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke titin Baga. Nan ne na yi turjiya, domin kowa ya san sunan da ake kiran wurin da shi a gari, kuma tela da aka gani yana shiga can, wa zai sake kawo masa shadda? Ta ce, "Ƙanena, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na je da hular sanyi har kunne. A layi na tarar da malamin makaranta, da soja, da wata 'yar kasuwa, da tsofaffi masu tasbaha, mutane irin waɗanda nake gaisawa da su kullum. Na roƙi likita ya rubuta mini Valium in samu barci. Ya ƙi. Ya ce irin waɗannan ƙwayoyi ba sa warkar da wannan ciwo, suna iya jinkirta warkewa, ga kama jiki. Ya ba ni wani magani daban da ake sha kullum, ya ce ba zan ga aikinsa ba sai bayan makonni, kuma babban maganin shi ne zaman da nake yi da Hajiya.

Sai da muka saba sannan muka shiga lungun. A hankali, kaɗan-kaɗan, ina ba da labari tana tsayar da ni in numfashi ya ɗauke. Na zaci za ta ce mini ba laifina ba ne, kamar yadda matata ta yi ta faɗa ban ji ba. Ba ta faɗa ba. Tambaya ta yi: su wa ke cikin jirgin a wannan sawu? Na ce ban sani ba. Ta ce in yi ƙoƙari. Sai ga su suna dawowa ɗaya bayan ɗaya: wani makaho da jikansa, wata mai jego, 'yan mata biyu da suka rungume buhun takardun makaranta, wani mai kanti da ke ta kuka kan kayansa. Duk watannin nan ban tuna ko ɗayansu ba, mutum huɗu na kan katanga kawai nake gani. Ta ce, "Wanne daga ciki za ka sauke?" Ban ba ta amsa ba. Kuka na yi, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina.

Abin da ya fi ci mini rai, na gane daga baya, alkawarin ne. Na ce yanzu za mu dawo. Hajiya ta ce, "Kun dawo ko ba ku dawo ba?" Na ce mun dawo. Ta bar maganar a nan.

Daga baya ta ba ni aikin komawa bakin ruwa mataki-mataki: in tsaya nesa da gada, wani makon in hau, wani makon in tsallaka da ƙafa. Ƙarshe na je lungun da kaina, tare da matata. An sake gina katangar da sabon bulo. Na tambayi maƙwabta. Suka ce gidan haya ne, masu zama a ciki 'yan gudun hijira ne da ba su daɗe da tarewa ba, bayan ruwa babu wanda ya dawo. Wani ya ce ya ji an ga matar a wani sansani, wani ya ce ba ita ba ce. Masu aikin haɗa iyalai na Red Cross suna iya nema, amma sai da suna, ni kuwa ban san sunanta ba. Haka na dawo. Ina sa ta a addu'a ita da yaranta, ta fuska biyu, in suna raye da in sun riga mu.

Yanzu in na ji labarin wani bala'i, tunanina yana tafiya wajen waɗanda ba a ƙirgawa. Da tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 ta ci mutum sama da 150, akwai waɗanda suka kwashi gawarwakin da hannunsu, akwai waɗanda suka haƙa ramin. Da ruwa ya ci Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, akwai samarin da suka yi kwanaki suna tono a cikin laka. Direban motar asibiti, nas, mai wankan gawa, ɗan kwana-kwana, ɗan sintiri. Ana ba su ruwan leda da "sannunku da ƙoƙari", a watse. Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma abin a yaba ne. Amma ɗan agajin unguwa ba doka yake fara cin karo da ita ba, shugabansa yake fara gaya wa, ko matarsa, ko limaminsa. In waɗannan ba su san abin da za su ce ba, kemis ne zai karɓe shi.

Shi ya sa na roƙi Hajiya ta zo ta yi wa ƙungiyarmu bita. Kwamanda ya amince ne don kunyar baƙuwa, ya zauna a baya yana danna waya. Da ta zo kan alamomi, barci da faɗa da gudun wuri, sai ya ajiye wayar. Bayan an tashi ya ja ni gefe ya ce tun wani tashin bam a kasuwa, shekaru da yawa baya, ba ya iya cin gasasshen nama, kuma bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Mun canza wasu abubuwa, ba masu yawa ba. Ba a barin mutum ya yi aikin gawa shi kaɗai ko ya wuni a kai ba canji. Kowa yana da abokin da zai neme shi bayan mako biyu ya tambaye shi barci. In an dawo daga aiki mai nauyi muna zama mu sha shayi, wanda ya so magana ya yi, wanda bai so ba ba a matsa masa. Cikin abokaina biyu masu tramol, ɗaya ya yarda na raka shi asibiti. Ɗayan har yanzu cewa yake lafiyarsa ƙalau, kuma in na matsa sai ya daina ɗaga wayata, don haka na koma kai masa ziyara kawai ranar Juma'a, mu yi hirar ƙwallo.

Da daminar 2025 ta kama, aka fara sanarwar mutanen bakin kogi su yi hattara, wasu darare na yi barci, wasu kuwa na kwana zaune ina jin ruwa a kan kwano. Kwamanda ya tara mu yana rubuta wa zai yi me in an kira. Da ya zo kaina na ce a sa ni rajista ko rabon abinci, bana ba zan hau jirgi ba. Na faɗa a gaban kowa, har da yaran da ni na koya musu ɗaure bandeji. Ya ce to, ya rubuta, ya kira suna na gaba.